Yadda ake cire ranawut na taya kafin a fara alaimen, mataki mataki

Akwai wani maɓalli a allon injin alaimen da yara masu koyon aiki suke saurin dannawa, wanda zai tsallake maka kompanseshan, wato cire rawar wili daga awo, ya kai ka kai tsaye wajen lambobi. Na san dalili, mota na jira a layi, mai mota na tsaye a kanka, tura mota ko ɗaga taya ɗaya bayan ɗaya kuma abu ne mai cin lokaci. Amma ɗan'uwa ka sani inji baya ganin tayar motarka, abin da yake gani shine kilam, wato maƙalin da yake kama wili, da allon awon da ke jikinsa, waɗanda ka maƙala a bakin wili, toh in wilin nan yana da 'yar rawa ko kilam ɗin bai zauna daidai ba, duk lambar da zata fito maka a allo ta kilam ce, kai kuma zaka shiga ƙarƙashin mota kana juya tairod har allo yayi kore alhali motar tana nan a karkace.

Ranawut shine rawar da wili yake yi in yana juyawa. Wanda ya taɓa kifa keke ya wulwula tayar da ta ɗan lanƙwashe ya san abin, zaka ga bakin wilin yana zuwa ya gogi robar birki sau ɗaya a kowane zagaye sannan ya koma, amma sandar tsakiya da tayar take juyawa a kai tana nan inda take bata motsa ba. Wannan sandar ta tsakiya ita muke nema a alaimen, ina ta fuskanta, sama ko ƙasa, gaba ko baya, dan ita ce take faɗa wa mota inda zata bi. Rawar iri biyu ce, akwai ta gefe wadda wili yake layi hagu da dama, akwai ta sama da ƙasa wadda taya take tsalle kamar ba zagayayya ba. Ta biyun tafi damun mai balansin, mu a alaimen ta gefen ce take shiga mana lissafi kai tsaye ta ɓata to-in, wato karkatar gaban taya zuwa ciki, da kamba, wato karkatar samanta ciki ko waje.

Kuma ba sai wili ya daki rami ya lotse ba. Tsatsa ko ƙasa tsakanin hob, wato inda ake ɗaura wili, da bayan wili tana kawo shi, notin taya da aka ɗaure wani da ƙarfi wani sakwa-sakwa yana kawo shi, sifesa mara kyau, wato faifan da ake sawa tsakanin hob da wili, tana kawo shi, sannan babban mai laifi wanda ba a cika zargi ba shine kilam ɗinka da kanka, farce ɗaya ya hau kan dalmar balansin ko ya cinye da tsufa, ko sandar da ake rataya sensa ta ɗan lanƙwashe tun ranar da ya faɗi ƙasa. Ko sabon wili dal daga kamfani ne sai ka samu wani abu kaɗan in an haɗa duka.

Bari muyi lissafi dan kaga girman abin. Wili mai inci 16 faɗinsa wajen milimita 406 ne. A ce gefe ɗaya ya fi ɗaya gefen fitowa da milimita 1 kacal, abin da ido ma ba zai kama ba, wannan ya zama karkata ta digiri 0.14, wato wajen minti 8 da rabi tunda minti 60 ne digiri ɗaya. Yanzu ka buɗe littafin kowace ƙaramar mota ka duba iyakar da aka yarda to-in ya kauce, da yawa zaka ga bai wuce minti 5 zuwa 10 ba. Kaga kenan milimita ɗayan nan ta cinye maka iyakar gaba ɗaya. Kuma kuskuren baya tsayawa waje ɗaya, in wajen da ya fito yana fuskantar gaba zai nuna maka to-awut, wato gaban taya ya buɗe waje, ka mirgina taya rabin zagaye ya koma baya sai ya nuna to-in, ka kai shi sama ya koma cikin kamba, mota ɗaya awo uku daban daban. A titi kuwa taya da ta kauce da digiri 0.14 tana jan jiki a kaikaice wajen mita biyu da rabi a kowace kilomita, ka ninka wannan da kilomita dubu goma kaga inda robar take tafiya.

Abin da kompanseshan yake yi mai sauƙi ne, inji yana kallon kilam a wurare biyu ko uku ko huɗu yayin da taya ta juya, abin da ya canza da juyawar ya san rawa ce, abin da bai canza ba shine gaskiyar kusurwar, sai ya ajiye rawar a ƙwaƙwalwarsa yana cire ta daga kowane awo.

Kafin ka taɓa kilam

Matakin farko a jikin mota yake. Ka auna iskar tayoyi huɗun ka kai su yadda kamfani ya rubuta a jikin ƙofa, ka duba girmansu ɗaya ne a kowane aksul. Ka ɗaga mota ka kama taya sama da ƙasa ka jijjiga, ka kama ta gefe da gefe ka jijjiga, kana neman lako a boris, bol join, tairod da bushin. Wannan ba wai ƙarin ladabi bane, kompanseshan yana iya cire rawar da take maimaita kanta a kowane zagaye ne kawai, boris mai lako kuwa yau ya kwanta nan anjima ya kwanta can, babu injin da zai iya lissafa shi. In ka samu lako a gyara tukun.

Tunda tayar tana sama ka wulwula ta da hannu ka tsura wa bakin wili ido. In kana ganin rawar da idonka toh ka sa agogon awo a bakin wilin ka juya a hankali ka ga nawa allura take tafiya, yawancin kamfanoni iyakarsu tana wajen milimita 1 ne, wilin aloyi ƙasa da haka kaɗan, na ƙarfe sama kaɗan, littafin motar zai baka takamaimai. In ya wuce, ka cire tayar ka goge fuskar hob da burushin waya, ka mayar ka ɗaure notuna a gicciye da sifana mai awon ƙarfi, ka sake aunawa. Sau da yawa anan maganar take ƙarewa. In har yanzu yana nan ka sa agogon a fuskar hob ɗin kansa dan ka san wili ne ko hob.

Maƙala kilam

Anan nake so ka rage sauri. Cire marfin wili in na roba ne, kar ka taɓa kama kilam a jikinsa. Goge bakin wilin da tsumma. Ka nemi wajen da faratan zasu zauna babu dalma babu lotsawa babu tudun fenti, ka fara zaunar da na ƙasa sannan na sama, ka danna kilam ɗin da tafin hannu ya kwanta sosai kafin ka ɗaure. Kowane farce ka duba shi da ido, duk su shiga zurfi ɗaya, in uku sun zauna ɗaya yana lilo ka kwance ka sake. Ka ɗaure ya kama amma kar ka matse har ka tanƙwara shi, sannan ka ɗan ja shi da hannu, in ya motsa ko kaɗan bai zauna ba. Ka sa igiyar tsaro ta kama bawul ko ƙafar wili saboda allo ɗaya in ya faɗi ƙasa ya tashi daga aiki ko kuma, wanda yafi muni, ya ci gaba da aiki yana baka ƙarya.

Wasu na cewa ai tunda inji zai cire kuskuren ba sai an wahala wajen maƙalawa ba. Inji zai cire kuskuren kilam da ya karkace amma ya tsaya cak. Kilam da yake zamewa a tsakiyar aiki kuwa babu maganinsa. Irin kilam ɗin da yake kama taya maimakon wili, kamar wanda Hunter suke yi, yana kare wili daga ƙarzanewa kuma yana da sauri, amma shi ma dole a tura mota ayi masa kompanseshan, hasali ma shi yafi buƙata tunda ba a damu ya zauna a tsakiya ba.

Hanyar turawa

Ita ce wadda injinan kyamara na zamani suke amfani da ita, irin su John Bean, Hofmann, Hunter da Beissbarth, kuma ni ita nafi so saboda mota bata barin ƙasa, sofenshan yana nan zaune yadda yake a titi.

Ka hau da mota kan lif a miƙe, tayoyin gaba a tsakiyar faranti mai juyawa. Fil ɗin farantan gaba da na faifan zamiya na baya duk su kasance a kulle, wannan wajibi ne, in faranti ya sulale a ƙarƙashin taya yayin turawa tayar zata juya gefe inji ya ɗauka ranawut ne. In akwai gibi tsakanin faranti da doron lif ka sa 'yar gadar da ake cike shi da ita, dan taya ta mirgina a shimfiɗe ba tare da ta faɗa ko ta hau tudu ba. Lif ɗin ya zauna a kan makullinsa ba a kan mai ba, saboda a kan makulli ne yake daidai. Sitiyari a miƙe. Ka sa weji, wato abin tare taya, a bayan tayar baya da tazarar da zata ishi turawar, wani kuma a gaba, kar ka taɓa sakin mota a kan lif babu weji, rai ake magana. Sannan ka sa giya a firi ka sauke hambirki.

Motocin yanzu suna da nasu halin. Wata kana buɗe ƙofa zata koma fakin da kanta, wata hambirkin lantarki zai kama da zarar ka kashe inji, masu batir kuma da yawa sai ka shiga menu ka sa su a yanayin ja ko yanayin wanki kafin su yarda su mirgina. Ka nemi yadda ake yi wa wannan motar kafin ka fara, kar ka tsaya kana kokawa da ita.

Yanzu turawar. Ka kama tayar baya da hannu biyu a kan doronta ka mirgina ta, kar ka tura da bodi, kar ka jingina da bamba, kar ka zura hannu ta taga ka kama sitiyari, kar kuma ka kama kilam ko allo. Dalilin shine in ka danna bodi sofenshan zai lotsa, kamba da to-in su canza na ɗan lokaci, inji kuma bai san kai ne ba. Ka tura baya a hankali da gudu ɗaya kana kallon allo, yawanci abin da ake nema bai wuce juyawar digiri 40 zuwa 45 ba, a taya 205/55 R16 wadda zagayenta ya kusa mita 2 wannan wajen santimita 25 ne kawai. Inji zai ce tsaya, ka tsaya ka cire hannu ka bar motar ta nutsu har ya ɗauki awo, sannan ka dawo da ita gaba zuwa tsakiyar faranti ka sake tsayawa. Ka tabbata babu wanda ya gitta tsakanin kyamara da alluna, kuma hasken rana mai ƙarfi baya dukan allo kai tsaye.

In inji ya ce taya ta yi rawa ko ya ce a sake, ka sake, amma ka fara tambayar kanka me ya jawo. Yawanci ɗaya ne cikin waɗannan, fil ba a kulle ba, taya ta hau gefen faranti, birki yana kamawa a taya ɗaya, kilam ya zame, ko kuma boris ko bol join ɗin da kace lafiyarsa lau. Kar ka yi ta maimaitawa har sai ya gaji ya karɓa. In lif ɗinka gajere ne kuma motar doguwa, yawancin injina suna da zaɓin raba turawar, kaɗan gaba kaɗan baya, ka nemi wannan a menu maimakon ka tsallake.

Hanyar ɗagawa

Wannan ta injinan da ake rataya kan sensa a sandar kilam ce, sannan ko mai kyamara yana komawa gare ta in babu wajen turawa ko in taya ɗaya kawai ka cire. Ka sa weji a aksul ɗin da zai zauna a ƙasa, ka ɗaga ɗayan da jak har taya ta bar faranti, firi, babu birki. Ka sassauta makullin sensa yadda wili da kilam zasu juya shi kuma yana rataye a tsaye. Ka danna maɓallin kompanseshan ya ɗauki wajen farko, ka juya taya yadda injin ya nuna, in mai maki biyu ne rabin zagaye wato digiri 180, in mai uku ne digiri 120 kowane, in mai huɗu ne 90. A kowane waje ka tsayar da taya cak, ka daidaita sensa da ƙwayar ruwansa, ka cire hannu, ka danna, ka jira fitila ta tabbatar kafin ka ci gaba. Ka juya da taya ba da kilam ba.

Ga inda mutane suka fi faɗawa. Bayan makin ƙarshe, a injinan da basu san juyawar taya da kansu ba, dole tayar ta sauka a daidai yadda injin ya barta, yawanci kilam a tsaye. Ka tuna abin da na faɗa, kuskuren yana yawo da taya, inji ya rubuta cewa yana nan a wannan matsayin, in taya ta juya kwata kafin ta taɓa ƙasa zai cire abu daga inda babu shi ya bar shi inda yake, sai ya zama gara ma ba ayi ba. Kuma abin da yake juya ta ba kowa bane illa difarensha, wato giyar da take raba juyi tsakanin tayar hagu da ta dama. A aksul mai jan mota in ka gama tayar hagu ka koma ta dama kana juyawa, ta hagun zata riƙa juyawa baya a ɓoye kai baka gani. Ka sa wani ya riƙe ta, ko ka cusa weji a ƙarƙashinta, sannan kafin ka sauke ka zagaya ka duba duka biyun. In difarensha mai kullewa ne tayoyin biyu tare zasu tafi gefe ɗaya, kar kayi musu dole, akwai tsarin da ake yin biyun lokaci guda. Mai jan taya huɗu kullum kuma ko dai ka ɗaga huɗun ko ka tura kawai.

Na taɓa ganin mota ta dawo sau uku saboda sitiyari a karkace, kowane zuwa allo kore, an canza tairod an canza tayoyi, ashe duk lokacin ɗaya daga tayoyin gaba ce take juyawa kafin a sauke jak. Ranar da aka riƙe ta aka sauke daidai, minti goma aka gama.

Kafin ka sauke ka zare fil ɗin faranti, dan taya in ta sauka tana son ta buɗe waje, in faranti a kulle yake zata maƙale a tsuke mota ta tsaya sama da tsayinta, kamba ya fito ƙarya. Ka sauke a hankali, ka danna gaban mota da bayanta sau uku huɗu ka saki ta zauna da kanta. Duk da haka wasu motocin basa komawa daidai sai sun yi tafiya, shi yasa wasu kamfanoni suka fi son turawa, wasu kuma kamar BMW da Mercedes suna da wili mai 'yan ramuka da kilam na musamman wanda sandunansa suke ratsawa su taɓa fuskar hob kai tsaye, da irin wannan ba a bi ta kan wili ba balle rawarsa ta shigo, sharaɗin kawai wajen da sandunan zasu taɓa ya zama a goge tas. Mota mai sofenshan na iska ka sa ta a yanayin jak kafin ka ɗaga in ba haka ba zata riƙa gyara tsayinta tana ɓata maka aiki.

Bayan an gama

Ko wace hanya ka bi, da zarar inji ya karɓa ka matso da weji, ka tada injin mota ka sa sandar danne birki ta kama sosai sannan ka kashe, ka zare fil in turawa kayi. Birkin nan yana da muhimmanci wajen awon kasta, wato karkatar gaba ko baya ta sandar da taya take juyawa a kanta in an murɗa sitiyari, lokacin da zaka juya sitiyari digiri 10 ko 20 kowane gefe, in taya ta mirgina a kan faranti yayin juyawar awon ya lalace. Daga nan har ka gama doka ɗaya ce, kilam baya motsi. In gwiwarka ta buge shi, in ka cire taya dan ka kai ga notin kamba, in ka sassauta shi dan ya tare maka hanya, wannan tayar sai an sake mata kompanseshan. Injina da yawa suna barin ka sake taya ɗaya kawai, minti biyu ne.

In babu kwamfuta

Masu zare da tef da gejin kamba na hannu su ma ranawut bai ƙyale su ba, kuma maganin nasu yafi nuna yadda abin yake aiki. A ƙasa mai shimfiɗa ka sa alamar alli a bakin wili sama da ƙasa, ka auna kamba, a ce ka samu -0.9. Ka mirgina mota rabin zagayen taya, wajen mita ɗaya, alamar sama ta koma ƙasa, ka sake aunawa a kan alamomin nan dai, a ce ka samu -0.5. Ka haɗa ka raba biyu, kamba na gaskiya -0.7 ne, 0.2 ɗin da yake kaiwa da komowa kuma rawar wili ce. To-in ma haka, daga zare zuwa gaban wili milimita 51, zuwa bayansa 49, bambanci 2. Bayan rabin zagaye 50 da 50, bambanci sifili. Gaskiyar ita ce milimita 1 na to-in a wannan tayar. Sai dai ka sake duba zaren bayan ka motsa mota ya zama yana nan daidai da tsakiyar tayoyi, kuma kullum motsin ƙarshe ya zama na gaba ne, in zaka koma baya ka wuce wajen sannan ka dawo, dan bushin da roba su kwanta yadda suke kwanciya a tafiya.

Akwai wata tsohuwar dabara kuma. Ka ɗaga taya ka wulwula, ka kafa alli a kan wani abu tsayayye kana matso da shi a hankali har ya fara taɓa bakin wili, inda ya shafa nan ne tudun. Zaka auna kamba da kasta, ka juya alamar ta kalli gaba ko baya. Zaka auna to-in, ka kai ta sama ko ƙasa. Kaga ka kawar da tudun daga hanyar awonka kenan. Wannan tana aiki ne in duk wilin ne ya karkata, in lotsawa ce a waje ɗaya sai dai ka kauce mata kawai. Masu manyan motoci kuma suna shafa alli a doron taya su kafa ƙusa mai tsini su juya tayar ta zana siririn layi zagaye, layin nan da juyawa aka zana shi saboda haka babu ruwansa da karkatar wili ko taya, sai a sauke a tura gaba a auna tsakanin layukan biyu ta baya da ta gaba a tsayin hob. Ka dai lura milimitar da aka auna a doron taya tafi wadda aka auna a bakin wili yawa ko da kusurwa ɗaya ce, ka duba wanne littafin yake nufi.

Wani abu da ya kamata ka faɗa wa mai mota da bakinka, kompanseshan awo yake gyarawa, wilin da ya lanƙwashe yana nan a lanƙwashe. Zaka iya yi masa alaimen mai kyau motar ta miƙe sitiyari ya tsaya, amma in ya hau babban titi sitiyarin ya riƙa kakkarwa a hannunsa, zai dawo yace aikinka ne. Dan haka in inji yayi gargaɗin ranawut yayi yawa ka fara cire kilam ka sake maƙala shi a wani wajen daban na wilin, in gargaɗin ya tafi kilam ne, in ya dawo ka kira mai motar ka wulwula tayar a gabansa ya gani, ka ce ranka ya daɗe wannan sai an miƙar ko an canza, ka rubuta a takardar aiki.

In kana so ka san ko hannunka da injinka suna faɗin gaskiya, ka samu ranar da babu cunkoso ka ɗauki mota ɗaya mai lafiya, kayi mata awo cikakke ka buga takarda. Ka cire kilam huɗun, ka sauke ta kayi 'yar tafiya, ka dawo ka maƙala su a wasu wuraren daban, kayi kompanseshan ka sake awo. Takardun biyu ya kamata su zo kusan ɗaya, bambancin minti biyu uku na kusurwa ba komai. In kaga to-in ko kamba na taya ɗaya ya yi tsalle, ka musanya kilam da allon wannan tayar da wani in injinka ya yarda da musanya, ka sake, in matsalar ta bi kilam ka san wanda zaka kai gyara, in ta tsaya a tayar ka koma ka sake jijjiga boris da bol join na wannan gefen.